Ajin da Zai Ɗauki Kowa: Binciken Masana da Halin Makarantun Dakata

Sharhin wannan mako ya shafi wani fanni na binciken ilimi da ya ƙara ƙarfi cikin shekaru talatin da suka wuce, wato nazarin hanyoyin da makaranta za ta bi ta karɓi kowane yaro da ke unguwarta, ta kuma koyar da shi yadda ya kamata, ko makaho ne ko kurma ko gurgu, ko mai fama da sikila ko farfaɗiya, ko yarinyar da talla ke cinye wa safiya, ko almajirin da iyayensa ke wani gari. Masana na kiran wannan tsari ilimi mai tafiya da kowa, kuma abin da ya raba shi da tsohon tunani shi ne inda yake ɗora alhakin gazawa. A da, idan yaro ya kasa karatu, sai a ce matsalar a jikinsa take, a nema masa wani wuri dabam ko a bar shi a gida. Manazartan wannan fanni kuwa tambayar da suke farawa da ita ita ce mene ne a ginin makarantar, ko a harshen da ake koyarwa da shi, ko a halayyar malamai da sauran ɗalibai, ya tare wa yaron hanya, kuma yaya za a kawar da shi.

Dakata wuri ne da ya dace a auna wannan tunani a kansa. Unguwar tana Ƙaramar Hukumar Nasarawa, daura da rukunin masana'antu na Bompai, wanda ya girmi na Sharaɗa da na Challawa, kuma ita da maƙwabtanta irin su Kawaji da Tudun Wada da Gwagwarwa sun cika ne da mutanen da aikin kamfani ya jawo daga karkarar Kano da sauran sassan ƙasa. Masanin zamantakewa Paul Lubeck, a littafinsa na 1986 kan Musulunci da ma'aikatan birni a arewacin Najeriya, ya nuna cewa da yawa daga leburorin kamfanonin Kano tsofaffin almajirai ne da suka shigo birni ta hanyar karatun allo kafin su kama aikin albashi. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da taɓarɓarewar wutar lantarki, da kwararowar kayan waje masu araha, masaƙu da wasu kamfanoni da dama sun rufe, amma jama'ar ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa da ta yi. Abin da ya biyo baya shi ne unguwanni masu cunkoso, iyaye masu ƙaramin ƙarfi, da makarantun gwamnati da ba abin mamaki ba ne a tarar da yara sama da ɗari a aji guda. Magidancin da ke sammako zuwa kamfani ko kasuwar Yankaba, idan Allah ya ba shi ɗa kurma ko makaho, zaɓinsa kaɗan ne: ko ya riƙa biyan kuɗin A Daidaita Sahu kullum zuwa makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, can wani ɓangaren birni, ko ya rabu da ƙaramin yaro zuwa ɗakin kwanan makaranta, ko kuma yaron ya zauna a gida yana jin hayaniyar makarantar da ke bayan katangarsu, ko yana kallon tsararrakinsa suna wucewa da kayan makaranta.

Tunanin haɗa yara a makaranta ɗaya yana da tarihi. Ƙasar Italiya ta soke azuzuwan da ake ware yara masu lalura da wata doka ta 1977, sannan rahoton kwamitin Mary Warnock na 1978 a Birtaniya ya yaɗa fahimtar cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar zai buƙaci wani taimako na musamman a wani lokaci na karatunsa, abin da ke nufin batun ya wuce ƴan tsirarun da lalurarsu ta bayyana. A watan Yunin 1994 wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 suka taru a birnin Salamanka na ƙasar Sifaniya ƙarƙashin hukumar UNESCO, suka amince cewa makarantar unguwa ita ce wurin farko da ya kamata kowane yaro ya nufa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006 ta mayar da wannan haƙƙi a sashe na 24, kuma bayanin da kwamitin yarjejeniyar ya fitar a 2016 ya bambance halaye huɗu da ya kamata duk mai sauraro ya riƙe. Akwai hana yaro shiga makaranta baki ɗaya. Akwai keɓe shi a wata makaranta dabam. Akwai shigar da shi ajin kowa ba tare da an sauya komai ba, a bar shi ya yi ta kansa. Sai na huɗu, wanda shi ne abin nema, inda makarantar ke sauya tsarinta da hanyar koyarwarta domin yaron ya koya. Bambancin na uku da na huɗu shi ne zuciyar al'amarin, domin sunan yaro a rajista ba ya nuna cewa ya koyi komai, kuma yaron da ke zaune a bayan aji shekara shida bai ji abin da malami ke faɗa ba, ko bai ga abin da aka rubuta a allo ba, an hana shi ilimi ne alhali yana cikin makaranta.

Ta fuskar doka Najeriya ba ta rasa abin nunawa ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ware sashe ga ilimin masu buƙata ta musamman, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, ƙasar ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2010, kuma a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara biyar su gyara mashigarsu, wa'adin da ya cika a farkon 2024. A Kano, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta Abba Kabir Yusuf kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024. Giɓin yana tsakanin takarda da aji, kuma a nan ne bincike ke da amfani.

Tsoron farko da iyaye da malamai ke bayyanawa shi ne cewa yaro mai lalura zai ja sauran baya, kuma wannan tsoro ba abin rainawa ba ne, shi ya sa aka yi nazarinsa sosai. Afroditi Kalambouka da abokan aikinta a Jami'ar Manchester sun tattara binciken da aka yi a kan wannan tambaya suka wallafa a 2007, inda suka samu cewa kashi 81 cikin ɗari na sakamakon sun nuna ko dai babu wata illa ga sauran ɗalibai, ko kuma sun amfana. A 2016 Thomas Hehir na Jami'ar Harvard ya jagoranci bitar bincike sama da 280 daga ƙasashe 25, wadda ta nuna cewa yara masu lalura da suka yi karatu tare da tsararrakinsu sun fi ƙwarewa a karatu da lissafi, sun fi zuwa makaranta a kai a kai, kuma sun fi kammala sakandare, idan aka kwatanta su da waɗanda aka keɓe. Dalilin da ake bayarwa mai sauƙi ne: malamin da ya koyi bayyana darasi ta hanya fiye da ɗaya, da baki da zane da abin taɓawa, saboda yaro guda, duk ajin ne ke cin moriyarsa. Sai dai gaskiya ta wajabta a ƙara da cewa mafi yawan waɗannan nazarce-nazarce an yi su ne a Amurka da Turai, a azuzuwan da ba su wuce yara talatin ba, inda akwai mataimakin malami da kayan aiki. Wanda ya ɗauko sakamakonsu ya ɗora a kan ajin Dakata, inda malama ɗaya ke fuskantar yara ɗari a kan tabarma ko siminti, bai yi wa malamar adalci ba, bai kuma yi wa yaron ba. Abin da ya tabbata shi ne haɗa yara yana yiwuwa kuma yana da amfani. Yadda za a yi shi a aji mai cunkoso kuwa tambaya ce da sai an amsa ta a irin wannan aji.

Matakin farko shi ne sanin su wane ne yaran. Hukumar UNICEF ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan miliyan 240 a duniya suna da wata naƙasa, wato ɗaya cikin goma, kuma ta kai ga wannan adadi ne da wani salon tambaya da masana ƙididdiga na rukunin Washington suka tsara. A maimakon a tambayi uwa ko tana da ɗa naƙasasshe, tambayar da kunya da gudun tsegumi ke sa a amsa da a'a, sai a tambaye ta ko yaron yana wahalar gani, ko ji, ko tafiya, ko tuna abin da aka koya masa, da kuma gwargwadon wahalar. Wannan salo ya dace da ƙasar Hausa matuƙa, domin lalurar da ido ke gani, irin wadda shan inna ya bari kafin a ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali a Agustan 2020, ba ita ce mafi yawa ba. Akwai yaran da sanƙarau ko ƙyanda ko ciwon kunne ya rage wa ji, kuma annobar sanƙarau ta 1996 ta bar wa Kano kurame masu yawa; akwai masu sikila da ke rasa makonni a zangon karatu; akwai zabiya, wanda raunin ganinsa ya fi launin fatarsa hana shi karatu; akwai mai farfaɗiya da ake gudu saboda camfin cewa ana ɗaukar cutar ta yawu, alhali ba a ɗauka. Irin waɗannan yara su ne ake yi wa laƙabi da daƙiƙai, a yi ta dukansu a kan abin da ba laifinsu ba ne. Unguwannin masana'antu suna da ƙarin dalilin a duba lafiyar yaransu, tun da masana kimiyya sun daɗe suna auna ƙarafa masu guba a ruwan da ke fita daga Bompai zuwa rafin Getsi da Jakara, da wanda kamfanonin jima ke zubarwa a kogin Challawa, kuma an san illar dalma ga ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro.

Wani ɓangare na binciken yana ƙarfafa gwiwa saboda ya nuna cewa ba kowane gyara ne ke buƙatar kuɗi mai yawa ba. Wani gwaji da aka yi a karkarar ƙasar Sin, aka wallafa a 2014, ya nuna cewa raba tabarau kyauta ga ɗaliban firamare masu raunin gani ya ɗaga makinsu na lissafi. Zaunar da mai raunin ji ko gani a sahun gaba, da rubutu manya-manya a allon da aka sake shafa wa baƙin fenti, da fuskantar ɗalibai yayin magana, da ba mai sikila damar shan ruwa da rama darasin da ya wuce shi, duk ba sa jiran kasafin kuɗi. Haka kuma tsarin da ƙungiyar Pratham ta ƙirƙira a Indiya, na raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya a maimakon shekarunsu ko ajinsu, an gwada shi a Kano daga 2019 a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin shirin KaLMA, inda ake fara karatu da Hausa. Batun harshe kansa an daɗe da nazarinsa a ƙasar nan, tun aikin da Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, wanda ya nuna fifikon koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi. Yaron da ke fama da ji ko fahimta, idan aka ƙara masa nauyin harshen da ba ya ji a gida, an ninka masa wahala. A nan Dakata tana da nata yanayin, domin aikin kamfani ya tara ƙabilu da yawa, amma Hausa ce harshen da yaransu ke wasa da shi a layi.

Shi wannan tsari na bin kowane yaro a matakinsa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A makarantar allo kowane ɗalibi yana kan allonsa, ba ya wankewa sai ya biya, manya suna biya wa ƙanana, kuma makafi sun haddace Alƙur'ani a cikinta tare da masu ido ba tare da an gina musu wata tsangaya dabam ba. Musulmi sun san darajar Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, wanda ya yi ladanci, aka kuma bar masa riƙon Madina. Wannan ba yana nufin tsangaya ta kuɓuta daga matsaloli ba. Hannah Hoechner, wadda ta yi zaman bincike tare da almajirai a birnin Kano da Albasu ta wallafa littafinta a 2018, ta nuna yadda talauci da ƙyamar da ake nuna musu ke tsare su, da yadda da yawansu ke sha'awar karatun boko amma ƙananan kuɗaɗen makaranta da neman abinci ke hana su. Almajiri ma yana cikin waɗanda makarantar unguwa ba ta ɗauka ba, ko da yake lafiyarsa ƙalau.

Batun kurame shi ne ya fi buƙatar natsuwa, domin a nan ne kyakkyawar niyya ke iya cutarwa. Constanze Schmaling, masaniyar harshe daga Jamus, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarin Maganar Hannu, ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000, inda ta tabbatar da cewa harshe ne cikakke mai ƙa'idojinsa, wanda kurame ke gada daga junansu a wuraren hira da kasuwanni, kuma masu ji da yawa a ƙasar Hausa suna iya amfani da wani abu daga cikinsa ba tare da jin nauyi ba. Makarantun kurame a Najeriya kuwa sun ginu ne a kan alamomin hannu na Amurka, waɗanda Andrew Foster ya kawo lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, don haka yaro kan tarar cewa harshen hannun da ake yi a aji dabam yake da wanda ake yi da shi a gida. Ƙungiyar kurame ta duniya ta sha nanata cewa kurma yana buƙatar malamai da abokai masu harshen hannu, kuma ajiye shi shi kaɗai a cikin masu ji, ba tafinta, kaɗaici ne ba haɗaka ba. Saboda haka duk wanda ya fahimci ilimi mai tafiya da kowa a matsayin rufe makarantar Tudun Maliki ya yi kuskure. Hanyar da Afirka ta Kudu ta tsara a manufarta ta 2001 ita ce mayar da makarantu na musamman cibiyoyin da ke tallafa wa na unguwanni, su horar da malamai, su buga littattafai da rubutun makafi, wato rubutun ɗige-ɗige shida da ake karantawa da yatsa, su kuma aika malami mai zagaye ya riƙa bin makarantu da dama a mako. Idan aka tara kuramen Dakata da Kawaji da Yankaba a aji ɗaya cikin makarantar firamare guda da ke kusa, da malami mai harshen hannu, ana koya wa sauran ɗalibai Maganar Hannu, an samu kusanci da gida, an kuma samu harshe. Kano ba ta rasa masu horarwa ba, domin Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, inda Jibril Isa Diso, wanda makaho ne, ya kai matakin farfesa.

Game da ƴaƴa mata, binciken da Enid Schildkrout ta yi a Kano a shekarun 1970 ya bayyana cewa talla ba sakacin iyaye kawai ba ne, ginshiƙi ne na sana'ar matan aure da ke cikin gida, waɗanda yara ne ke kai musu kaya kasuwa su kawo ciniki. A unguwar da ake sayar wa ma'aikatan kamfani abinci a bakin ƙofa safe da rana, makarantar da ba ta yi la'akari da wannan ba za ta ci gaba da rasa ɗalibanta mata, kamar yadda rashin makewayi mai ƙofa ke korar budurwa, ya kuma kori mai keken guragu tun kafin ita. Shirin ilimi na ESSPIN, wanda Birtaniya ta tallafa a jihohi shida har da Kano daga 2008, ya dogara ne da kwamitocin gudanar da makaranta na iyaye da masu unguwanni wajen zaƙulo yaran da ke gida.

Abin da ya rage shi ne yadda ake yin binciken kansa. Tony Booth da Mel Ainscow sun fitar da wani jagora a shekarar 2000 wanda ke sa makaranta ta binciki kanta ta fuska uku, wato al'adarta da ƙa'idojinta da abin da ke gudana a aji, tare da jin ta bakin ɗalibai da iyaye. Wannan ya sha bamban da abin da aka saba gani a kundayen digiri, inda ake raba wa malamai takardar tambayoyi a kan ra'ayinsu, a rubuta sakamako da Turanci, a ajiye a ɗakin karatu, ba tare da shugaban makarantar da aka yi binciken a cikinta ya taɓa ganinsa ba. Dakata tana buƙatar manazarcin da zai zauna a aji zango guda ya ga wanda ake kira da wanda ba a taɓa kira ba, ya gwada wata dabara tare da malamar ajin, ya auna karatun yara kafin da bayan, sannan ya dawo ya bayyana wa iyaye da Hausa. Ya kamata kuma a sa masu lalurar kansu cikin masu tsara tambayoyin, da ƙungiyoyinsu da sarakunansu, tun da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu sun san gidajen da jami'in ilimi bai sani ba.

Masu masana'antu ma suna da rawar da za su taka. Masu walda na Kano, har da guragun da shan inna ya kama, sun daɗe suna ƙera keken hannu, kuma gangaren siminti a ƙofar aji ko makewayi mai faɗi ba su fi ƙarfin kamfani guda da ke maƙwabtaka da makaranta a Bompai ko Sharaɗa ba. Ta ɓangaren gwamnati kuwa, dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta tanadi aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin hukumomin gwamnati ga masu naƙasa, guraben da ba za su cika ba idan yaran ba su gama firamare ba. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa tana ware kashi biyu cikin ɗari na asusunta ga ilimin masu buƙata ta musamman, kuma bin sawun kason Kano, daga Abuja zuwa hukumar jiha zuwa Ƙaramar Hukumar Nasarawa, a ga nawa ne ya zama tabarau ko na'urar ƙara ji ko horon malami a wata makarantar Dakata, aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya kammalawa cikin shekara guda idan an buɗe masa takardu.